Dukan da Hamani Ya Sha

A rumfar mai shayi ta tashar Birnin Ƙonni na zauna kusa da wani dattijo da wani jandarma, ba su san juna ba. Talabijin na nuna wasan zane na barkwanci: wani sarkin yaƙin Turawa na zamanin da, gajere, hularsa ta fi shi girma, yana ta faɗowa daga doki.

Jandarman ya yi dariya har shayinsa ya zube. "Baba, kai kaɗai ka ɗaure fuska. Ko danginku ne?"

"Ɗana, hoton mutumin nan na rataye a ajinmu a lakwal, makarantar boko, tun ba a haife ka ba. Ranar da na fara ganin hular nan na tuntsire da dariya. Darekta, shugaban lakwal ɗin, ya juyo, ya ɗauka Hamani ne, abokin zamana a benci. Ya dake shi, Hamani bai sake dawowa lakwal ba."

"Kai fa?"

"Na yi shiru. Na zama ma'aikacin buro, aikin ofis, shi yana bin jaki."

Jandarman ya aje kofinsa. "Yana raye?"

"Yana Bazaga."

"Yau Turawan da kansu ke yi wa nasu dariya, kai kana haɗiye taka shekara hamsin. Ga motar Bazaga can, saura mutum guda."

Dattijon ya daɗe yana duban motar. "In na je, da mi zan fara?"

"Da sallama, Baba. Sauran shi zai faɗa maka."