Furar da Ta Kwanta a Gicciye

A inuwar tsamiya a Kalgo, ana jiran motar Gwandu, wata tsohuwa mai tallan nono ta ƙura wa cikin Kubura ido.

"'Yar nan, ɗanki a gicciye yake."

Cikin fari ne, kunya ta kama Kubura. "Wane ɗa, Inna? Fura na sha."

"To, gara furar nan ta juya kai ƙasa kafin naƙuda. Ki riƙa niƙa a durƙushe, kina kaɗa ƙugu."

Kubura ta yi dariya. "Haka kika koya wa 'yarki?"

"Tawa ba ta samu mai gaya mata ba, Allah ya jiƙan ta. Durƙusa in gani."

Kubura ta dubi jama'a, sannan ta durƙusa.