Na Kai Kujera Tsaron Ƙuri'a a Perry Barr

Mai gabatarwa, barka da aiki, ina gaishe ka da masu sauraro. Ni ce Saratu, Maman Dauda, daga Perry Barr a Birmingham, ƙasar Ingila.

Council, wato ƙaramar hukumarmu, ta ce za ta rufe library, ɗakin karatun unguwarmu, inda yaranmu ke zama kafin mu taso daga aiki. Maƙwabciyata Marisol, 'yar Kolombiya, ta same ni hankali a tashe. Ta ce, "Ga zaɓen kansila na tafe. Yawancinmu a layin nan ba mu da ƙuri'a, amma ku 'yan Najeriya doka ta ba ku. Ki jefa mana." Ni ban ma sani ba! Nan da nan na yi rajista.

Ranar zaɓen kansila na yi sammako da kujerar roba, lema da kunu, yadda muka saba a Jos. Na isa, ba layi, ba soja. Na miƙa babban yatsa a shafa tawada, wata dattijuwa mai aikin zaɓe ta miƙo mini fensir. Fensir fa!

Da na jefa, na kafa kujerata a bakin ƙofa. Dattijuwar ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Na ce, "Ƙuri'a nake tsarewa, Mama, ba tawa ce ni kaɗai ba." Can sai ga Marisol da tata kujerar, muka shanye kunun muna dariya.

Library dai tana nan, ko da yake an rage mata kwanaki.

A gaishe mini da yayana Bulus a Salford, mai cewa zaɓen Turawa ba ruwansa. Yaya, tashi ka yi rajista, wataƙila maƙwabcinka da kai ya dogara. Kujerata tana nan, zan ara maka.