Ɗaki Ɗaya Ma Gida Ne

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ya aiki, ya jama'a?

Ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye kusa da Baturiya. Bara waccan ambaliya ta cinye gidana, ko katanga ba ta bar mini ba. Da ruwa ya janye sai na hau tudun mahaifinmu, na buga bulo, na tada ɗaki ɗaya, muka shiga da iyali. A kusurwar ginin na bar bulo sun fito kamar haƙora, don in ɗinke ɗaki na biyu a jiki idan hali ya samu.

Yayana Sule ya zo daga Kano, ya kalli ginin, ya kwashe da dariya a gaban matata. Ya ce, "Wannan gida ne ko bakin kada? Tattara ka biyo ni birni."

To, ranar Laraba ina cire ciyawar kachala a gona, rediyo a rataye, na ji kun ce haka ƙasar Sin ta tsara tasharta ta sararin samaniya. A harba ɗaki ɗaya, mutane su shiga su zauna, daga baya a kawo wani a haɗa.

Yaya Sule, na san ba ka wuce shirin nan. Waɗanda ba su da ƙasar takawa ma ɗaki-ɗaki suke gini, babu wanda ya ce su koma Kano. Ni ina nan daram.

Ina gaida manoman fadama duka. Kai kuma Yaya, ka zo lokacin kaka. In Allah ya yarda, a cikin bakin kadan nan za ka kwana.