Wata Goma Sha Uku Muke Nema

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Hakimi, uban wannan taro, Dagacin Ɗanzomo da masu unguwanni, Liman da malamanmu, iyayenmu mata, baƙinmu na Gumel da Maigatari, jama'a manya da ƙanana, ina gaishe ku. Ni ne Ɗalha Rufa'i, wanda kuka ɗora wa shugabancin kwamitin gina ɗakin haihuwa na garin nan. Na gode da kuka bar sussuka kuka zo, alhali kuna da dalilin ƙin saurarona.

Bara, a wannan fili, na ce muku wata uku ya ishe mu. Kuka yi tafi, na ji daɗi. Da aka watse, Baba Ɗantsoho magini ya ja ni gefe, ya ce, "Ɗalha, ka lissafa da damina kuwa? Ruwa na sauka leburorin nan za su tafi gona. Bulo kuma sai ya bushe." Na ce, "Baba, na riga na faɗa gaban mutane."

Muka ɗora ɗanyen bulo, ruwan farko ya kwantar da bangon gabas. Safara'u matar Hamza, wadda ta fasa tafiya haihuwa Gumel wajen yayarta saboda ta gaskata maganata, naƙuda ta kama ta babu ɗakin. A mota ta haihu, kan hanyar Gumel. Ita ta rayu, jaririyar ba ta zo da rai ba. Rai na Allah ne, amma ranar da ta dogara da ita, bakina ne ya yanke ta.

Saboda haka bana mun zauna da magina da kafinta da ungozoma, kowa ya faɗi kwanakin aikinsa. Na farko, wata guda na buga bulo, a shayar da shi, ya bushe. Na biyu, wata uku na gini, domin azumi zai shigo, aiki rabin yini ne. Na uku, rufi kafin ruwa. Da damina za mu tsaya cak, kowa ya yi nomansa. Bayan kaka a yi filasta, a sa ƙofofi. Mun kuma ware sati uku ko motar siminti za ta makara. Jimla wata goma sha uku.

Duk Juma'ar ƙarshen wata zan tsaya ƙofar masallaci in faɗi inda aka kwana, ko da daɗi ko babu. Mai ciki kuwa, kada ta jira mu. A kai ta Gumel da wuri.

Hamza, ka yafe mini.

Allah Ya ba mu ikon cika abin da muka ɗauka, Ya sauki matanmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Na gode ƙwarai.