Hotunan Japan a Layin Likitan Ido

A layin likitan ido, wani tela ya gaji da jira, ya leƙa littafin da dattijon gefensa ya kusa mannawa a hanci.

"Baba, kana jin Japananci ne?"

"Ko kalma ɗaya. Tsofaffin littattafan hotuna ne. Shekara talatin ina tara su, har matata ta gaji da faɗa."

"Ai da ka bar shi a gida, ga nauyi."

"Likita ya ce wata uku ya rage wa idon nan ya daina gani. Tarawa kawai na yi ta yi, ɗana, ban zauna na kalla ba. Sai yanzu nake bin su ɗaya bayan ɗaya."

Tela ya matsa gefe, don hasken taga ya sauka a kan shafin.