Wando Arba'in, Ƙugu Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan zama, masu girma 'yan kwamiti, iyayenmu dagatai da masu unguwanni na Birnin Kudu da Gwaram, malamanmu, iyayenmu mata da ke can baya, da abokan aikina da kuke gani tsaye kowa riƙe da ƙugu, ina yi muku barka da zuwa.

Sunana Hambali, ni ne shugaban 'yan sintirin Maruta. Na gode wa Allah, na kuma gode wa kwamiti da ya ce kafin a zartar da dokar sayen kayan aikin jami'an tsaro, sai an ji ta bakin masu sa kayan. Kun kyauta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Namu ɗakin kuwa ta wando yake yoyo.

Bara aka ce za a ɗinka mana kaki, mu arba'in. Ɗan kwangila ya aiko daga birni a ba shi awo. To, kun san yadda muke da tela a ƙauye: tsohon wando ake kai masa, a ce ya yanka kamar wannan, ya ƙara kaɗan. Ni da kaina, ba wani ba, na duba wandon da ya fi tsabta a cikinmu, na aika da na Hadi. Hadi, kai da ka samu wurin zama, tashi su gan ka. Yauwa, zauna a hankali, bencin na makaranta ne. Kuma na ce a ƙara kaɗan, kamar yadda ake yi wa yara kayan salla.

Jama'a, wando arba'in aka kawo, duk awon Hadi, har da ƙarin. Dabo da Musbahu, mutum biyu masu iyali, suka shiga guda don gwaji, da sauran wuri. Da na kai nawa gida, mai ɗakina ta ɗaga shi ta ce, "Malam, na sawa ne ko na zuba gero?" Muka ce a mayar, aka ce takarda ta ce wando arba'in, an ƙirga an samu arba'in, magana ta ƙare. Muka ce to ina bel? Aka ce babu shi a kwangila. Sai muka ɗaure da igiyar rama muka ci gaba da aiki.

Ranar kasuwar Gwaram, da rana tsaka, maza sun tafi cin kasuwa, ɓarayi biyu suka kwance shanun huɗar Murja, baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata marayu biyar. Muka bi sawu, muka hango su a fadama, tsakaninmu da su bai fi jifa biyu ba. Nan igiya ta fara tsinkewa. Ga gora a hannu guda, ga wando a ɗayan, a zaɓi wanda za a saki. Dabo ya saki wando, wandon ya harɗe shi ya kifa. Ni na saki gora. Ɗaya ɓarawon har waiwayowa ya yi, ya ce mana sannu.

Ku yi dariya, ba laifi, mu ma daga baya mun yi. Murja ce ba ta yi ba. Da fartanya ta nome abin da ta iya, rabin gonar ya kwana. Har yau in na hango ta sai in sake hanya, wallahi kunyarta nake ji.

Saboda haka buƙatunmu uku ne. Na farko, dokar ta ce kada a karɓi kaya sai wanda zai sa ya sa, ya tsuguna, ya tashi, ya ruga da gudu a gaban shaidu. Ƙirga ba gwaji ba ce. Na biyu, mun ji an rubuta a ba wanda ya fi sauƙin farashi. Ba mu ƙi ba, amma a tuna araha ba ta ado, balle ta kama ɓarawo. Na uku, a hana ɗan kwangila karɓar awo daga hannun irina. Ya tako da ƙafarsa, ya zo da tef, ya auna kowa. In ya iya zuwa karɓar takardar kwangila, zai iya zuwa Maruta.

Ranka ya daɗe, abin da ya sa nake roƙo a hanzarta, makon jiya an sake aiko mini, wai za a kawo mana takalma, in ba da guda na gwaji. Na ce ina zuwa. Har yanzu ina zuwa, kuma ba zan iso ba sai kun sa hannu. 'Yan uwan Murja sun haɗa mata ɗan maraƙi guda, tana kiwonsa a bayan ɗaki, kuma da mu ta dogara. In aka zo kwance shi, ina so mu iya gudu.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya ba shugabanninmu ikon yin daidai, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.