Ƙahon da Baba Zai Koya

A shagon kayan kiɗan ƙasar waje, mai shago ya hango wani yana jujjuya tsohon ƙahon tagulla, ya matso da murmushi.

"Maigida, ka iya zaɓe! In aka busa wannan, har bayan gari sai an ji."

Mutumin ya ajiye da sauri. "Subhanallahi! Babana ne ya yi ritaya, ya dage sai ya koyi busa. Ɗakinsa na jikin nawa."

Mai shago ya sosa ƙeya. "To, gaskiya zanzaro ya yi gini a ciki. Na busa har jiri ya ɗebe ni, ko tari bai yi ba."

"Ginin da ƙwari?"

"Kamar siminti."

"Naɗe min. In zanzaron na kusa, haɗa min da shi, saboda gyara."